Iƙamar da Ta Mutu a Ƙarshen Sha'aban

Shin ni ce na aike shi, ko shi ne ya tashi don kansa? Shekaru ke nan ina juya wannan tambaya, ban samu inda zan ajiye ta ba. Wani lokaci in ina zaune bayan La'asar sai in ji kamar na ce masa ya je, wani lokaci kuma in iya rantsewa bakina bai buɗe ba. Ku da kuka gaje mu a aikin nan kuka zo gaishe ni, kuka ce in ba ku labari, to wannan ne kaɗai labarin da nake da shi. Ban yi karatu ba, ko albashi da dangwale nake karɓa. Hauwa'u ce take rubuta abin da nake faɗa, Allah Ya yi mata albarka. In kun ga na yi shiru ku bar ni, zan dawo.

Wata Talata ce a ƙarshen Sha'aban, ba ta taɓa fita daga raina ba. Amma bari in fara gaya muku yadda aikin yake a lokacinmu, don yanzu komai ya koma cikin waya.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina farrasha a sakan ɗin ɗalibai mata 'yan ƙasashen waje, nan Makka. Sakan shi ne gidan kwanansu. Farrasha kuwa ita ce mai shara da goge-goge, mai dafa shayi, mai kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan. A samana akwai mushrifa, mai kula da ɗalibai, a samanta akwai mudira, shugabar gidan. Namiji ba ya shiga gidan. Shi ya sa aka saba ɗaukar mai gadin ƙofa da farrasha su zama miji da mata, don in saƙo zai fita ko zai shigo, su biyun ne za su yi magana, ba mai cewa komai. Malam, maigidana, shi ne mai gadin, kuma shi ne mu'aƙƙib, wato mai bin takardu a ofisoshin ɓangaren maza da na hukuma.

A jikin ƙofar ƙarfen akwai wata 'yar taga, faɗinta bai wuce faranti ba. Ta nan nake miƙa masa, ta nan yake miƙo mini. A gida ina ganin fuskarsa, a wurin aiki hannunsa kawai nake gani. Ina sanin ya gaji daga yadda yake riƙe takarda. Ina sanin an ɓata masa rai in ya janye hannun da wuri. In kuma aiki ya yi kyau sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa kafin ya miƙo. Yana kirana Mudira, wai ni nake ba shi oda ta taga. Har yau in barcin rana ya ɗauke ni nakan ga tagar nan, haske yana shigowa ta cikinta, ƙura tana yawo a cikin hasken a hankali kamar ba ta da inda za ta.

Ga yadda takardun ɗaliba suke. Takan zo da bizar karatu, jami'a ce kafilinta, wato ita ta tsaya mata. Sai a yi mata iƙama, katin zama. Kowace shekara ofis ne yake sabunta katunan gaba ɗaya, ɗaliba ba ta ma sanin ranar da aka yi. Amma in shekarun da aka ɗibar mata suka cika ba ta gama ba, to dole ita da kanta ta nemi tamdidi, ƙarin lokaci. Takardar takan tashi daga mushrifa zuwa mudira, ta fita ta tagata, ta samu sa hannun mutum uku a ɓangaren maza, sannan a kai ta ofishin hukuma. In iƙama ta mutu kafin nan akwai garama, tara ke nan. Tarar ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne sunanta ya faɗa cikin waɗanda aka ce sun gama, a buga mata fita ba dawowa.

Nafisa 'yar wajen Gusau ce. Ta bar 'yarta ƙarama a hannun mahaifiyarta ta zo karatu. A shekararta ta huɗu aka yi mata aiki a ciki, zango guda ya wuce ta. Zango ɗayan nan kawai take nema ta rubuta jarrabawar ƙarshe. Ta shigar da takardar tamdidi sati biyar kafin ranar da nake ba ku labari. A cikin satuttukan nan ne kuma Malam ya kwanta, likita ya ce zuciyarsa ce, ya hana shi rana da hawan bene. Aka kawo wani bawan Allah ya riƙe ƙofa, amma gadi kawai yake yi, ba ya bin takarda. Tunda kuma ba mijina ba ne, sai aka rufe tagar, aka rataye akwati ana jefa saƙo a ciki.

Da safiyar Talatar ina goge ɗakinta, tana kwance a tsakiyar littattafai. A bango akwai kalandar da ta zo da irinta daga gida, ta zagaye wata rana da jan biro.

Ta ce, "Inna, kin ga wannan zagayen? Ranar iƙamata za ta mutu. Saura kusan wata biyu. Ko a bayan kunkuru aka ɗora takardata, ta iso kafin nan."

Na jingina da sandar goge-goge ina kallon jan biron. Ba lambar nake gani ba, don ban san ta ba. Wata rana nake gani, shekarar da ta zo. Ranar Malam ya miƙo mini katuna shida ta taga. Hannuna da ɗanyen lalle, don washegari za mu fita sha'abana, yawon nan da iyalai suke yi su ci su sha kafin azumi ya kama. Da gefen mayafina na riƙe katunan kada in ɓata su. Nata ne a sama, tana sanye da koren hijabi a hoton. Na tuna Malam yana cewa ta bayan ƙarfe, "Ɗumi-ɗuminsu, yau aka buga su. Saura kwana bakwai azumi, Mudira, ba ki sayo mana dabino ba."

Ranar Talatar kuwa saura kwana biyar azumi.

Na ce, "Nafisa, wannan kalandar ta wane lissafi ce?"

"Ta Bature mana, Inna."

"Hukuma a nan da watan sama take lissafi."

Ta yi dariya. "Na sani. Ai tun shekarar farko na duba katin, na juya ranar zuwa tamu, na rubuta. Katin yanzu ma ba a sa masa rana a jiki."

"Sau ɗaya kika juya."

"To sau nawa ake juyawa? Inna, ke da ko agogo sai an duba miki."

Na ce, "Agogon ne ban sani ba. Wata kuwa tun kafin a haifi uwarki muke gaisawa da shi. Azumin da kika fara yi a garin nan da na bara, a yanayi ɗaya suka zo miki?"

Sai na ga ta tashi zaune tana lanƙwasa yatsu, leɓenta yana motsi. Kowace shekara watan sama yana riga na Bature da kwana goma sha ɗaya, wannan ta sani sarai, ta ma fi ni sani, a littafi. Ba ta dai taɓa ɗora shi a kan katinta ba. Da ta kai yatsa na biyar sai ta ɗago ta dube ni. Ba ta sa takalmi ba muka sauka.

Mushrifarmu a lokacin Abla Su'ad ce, Balarabiya, mace mai faɗa amma ba ta da mugunta. Ta duba na'ura, ta cire tabarau, ta sake mayarwa.

Ta ce, "Shekaran jiya ta mutu. Ya binti, ina hankalinki yake?"

Nafisa ta ce, "Abla, na shigar da tamdidi tun sati biyar."

Abla ta buga waya ɓangaren maza. Ina tsaye da tiren shayi ina jin muryar namiji can nesa, siririya kamar daga cikin rijiya. Ta ajiye ta ce, "Wai takarda tana kan hanya." Ta juyo gare ni, don ta san na fi ta daɗewa a gidan. Hala take kirana, wato inna da Larabci. "Ya Hala, ranar Alhamis ake aika sunayen waɗanda suka gama, kafin azumi. In takardarta ba ta dawo da tambari ba kafin nan, sunanta yana ciki. Ba ni da ikon cire shi."

Nafisa ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa a bakin ofis, ta ce da ni da Hausa, "Inna, shekara biyar na bar yarinyar nan. Ta fara kiran mahaifiyata Mama. In na koma hannu banza me zan ce mata na je yi?"

Na koma na ƙarasa goge bene.

Gidanmu yana unguwar Mansur, a saman tudu, sai an hau matakala masu yawa. Na isa bayan La'asar. Malam yana kwance a falo, fanka tana kaɗa labule, tattabaru suna ta gurnani a bakin taga. Na yi niyyar ba zan ce komai ba. Allah ne shaidata, da wannan niyyar na hau matakalar.

Ya dube ni ya ce, "Mudira, yau wa ya taka miki shara?"

"Ba kowa."

"Shekara arba'in ina karanta fuskar nan. Ita kaɗai ce takardar da ba ta taɓa ba ni wahala ba."

Abin da na tuna shi ne na ce, "Nafisa ce." Sauran ban sani ba ko ni na faɗa ko shi ya dinga tambaya ina ɗaga kai. La'asar ɗin nan duk ta zame mini kamar abin da aka gani ta cikin hayaƙin turare. Na dai tuna dariyarsa.

Ya ce, "Sati biyar? Takardar tana ofishin ƙarshen baranda, a tire na ƙasa. Can suke kwana. Mai sa hannu na biyu in ya yi tafiya ba mai taɓa tirensa, alhali mataimakinsa yana da ikon sawa. Sai dai ba ya sawa sai an tsaya masa a kai."

Na ce, "To sai a gaya wa Abla ta buga waya."

"Waya ba ta zama a kujerar mutum ta hana shi tafiya cin abinci."

"Likita ya ce kada ka hau bene."

"Ai sauka zan yi."

"Dawowar fa?"

"Dawowa a hankali. Ina sauri?"

Na ce masa a'a. Wannan na tabbata na faɗa, har sau biyu. Shi kuma ya ce to, ya juya ya fuskanci bango. Amma bayan Magariba sai na samu kaina a tsaye da dutsen guga ina goge farin tob ɗinsa, doguwar rigarsa ta aiki. Bai ce in goge ba. Na rataye shi a ƙofar ɗaki inda zai gani in ya buɗe ido. Ku gaya mini, wannan aike ne ko ba aike ba ne?

Laraba da hantsi ina shara a tsakar sakan sai na ji an ƙwanƙwasa ƙarfe da zobe. Na buɗe tagar da ta yi sati biyar a rufe. Hannunsa ne, ya rame, zoben yana yawo a yatsa.

"Mudira, ba ni kwafin takardar da hoton yarinyar."

Abin da ya yi ranar shi ya ba ni labari da yamma, ƙafafunsa a cikin roba da ruwan ɗumi. Ya samu takardar a inda ya ce, an ɗora mata wasu a kai. Ya ɗauke ta da hannunsa. Ƙa'idarsa ke nan tun yana saurayi, ba ya barin takarda a kan tebur a ce masa ya dawo gobe, sai ya ɗora ta a gwiwarsa ya zauna. Mataimakin ya ce yana da taro. Malam ya ce ba komai, shi ba shi da taro. Ya zauna har Azahar, ya bi shi masallaci, suka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Da suka fito, mutumin yana neman takalmansa, Malam ya ce, "Ya ustaz, yarinya ce da ta bar 'yarta shekara biyar." Mutumin ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "ba an ce ba ka da lafiya ba?" Malam ya ce, "Shi ya sa nake so ka sa hannu da wuri in je in kwanta." A kan bayan mota ya sa hannun. Mai sa hannu na ukun kuwa da ya ga ranar da takardar ta shigo, sai ya rubuta a ƙasa cewa jinkirin daga wurinsu ne, garama ba ta kan ɗaliba.

Na ce, "To gobe ka bari wani ya kai ofishin hukuma."

Ya ce, "Wa? Ranar Alhamis, azumi a bakin ƙofa? Wanda bai san wace taga ake fara zuwa ba zai ƙare ranar a layin da ba nasa ba."

Na ƙara masa ruwan ɗumi. Ban sake cewa a'a ba.

Alhamis ta zo da zafi irin wanda duwatsun Makka suke yin fari fat, kwalta tana rawa a ido. Abla Su'ad ta ajiye takardar sunaye a gabanta, ta ce za ta riƙe ta har ƙarfe ɗaya, ba za ta iya wuce haka ba. Nafisa ta zauna a matakalar da ke kallon ƙofa. Ni kuwa na share tsakar gidan nan sau uku, wurin da ba ko tsinke. Aka kira Azahar, muka yi salla, muka dawo. Komai ya yi tsit, sai ƙarar na'urorin sanyaya ɗaki, ruwansu yana ɗiga a ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Sai zoben ya taɓa ƙarfe.

Na buɗe. Ya miƙo takardar, yatsunsa suka taɓa nawa. A cikin zafin nan hannunsa sanyi ƙalau, kamar wanda ya fito daga ruwan zamzam. Na ji sanyin. Ina so ku rubuta wannan, na ji shi. Ya yi mini magana, na amsa da to, na juya da gudu saboda ƙarfe ɗaya ta kusa.

Abla ta duba tambarin, ta ɗauki biro ta ja layi a kan sunan Nafisa. A nan ne Nafisa ta yi kukan da ta riƙe kwana uku. Ta rungume ni tana cewa, "Inna, ina Baba? Bari in gode masa ko ta taga." Na ce ta bari in kai masa shayi tukun. Na tsaya na dafa sabo, na sa na'ana'a yadda yake so, har na tsaya zaɓen kofi.

Na ƙwanƙwasa tagar daga ciki. Hannu bai zo ba. Na sake. Sai na buɗe ƙofar gaba ɗaya, abin da ban taɓa yi ba a lokacin aiki. Mai riƙon ƙofar ya ba shi kujera ya tafi sayo ruwa. Malam yana zaune a inuwar bango, ya cire takalmansa ya jera su, ya jingina kai, hannuwansa a kan gwiwa a buɗe kamar akwai takarda a kai. Na tsaya da kofin ina jira ya farka. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Shayin dai ya huce a hannuna.

A Harami aka yi masa salla bayan La'asar. Azumin shekarar a takaba na yi shi.

Nafisa ta rubuta jarrabawarta, ta gama, ta koma gida. Yanzu tana koyarwa. Duk Sha'aban sai ta aiko mini da murya a waya, ta sa 'yarta ta gaishe ni. Sau ɗaya ta ce, "Inna, ni na jawo." Na ce kada ta ƙara faɗa, kwanansa ne ya ƙare. Haka malamai suka ce mini, haka nake gaya mata, kuma na yi imani da shi. Sai dai in na zauna ni kaɗai, tob ɗin nan da na goge yakan zo ya tsaya mini a ido.

Ku da kuke aikin yanzu, an ce ba taga, ba mu'aƙƙib, ɗaliba tana ganin ranarta a waya. Alhamdu lillahi. Amma wayar ba za ta shiga ɗaki ta ga abin da yarinya ta zagaye a bango ba. Ku ne kuke shiga. Ku tambaye su da wane wata suke lissafi, kada ku ji kunya don sun fi ku karatu. In kuma aka ce muku takarda tana kan hanya, ku tambaya a hannun wa, don akwai rayuwar mutum a cikinta. Sannan in wanda kuke aiki tare ya miƙo muku abu kuka ji hannunsa ba yadda kuka saba ba, ku tsaya. Minti ɗaya ba zai ɓata komai ba. Ni ban tsaya ba.

Hauwa'u, rubuta abin da ya ce mini ta tagar, kada ki ƙara kada ki rage. Muryarsa ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya a ciki.

"Mudira, riƙe ta ta gefe, tambarin bai bushe ba. Yi sauri ki kai. Ni zan ɗan zauna."